Babi na Tara: Waɗanda Suka Riga Ka Hawa Gadon Tiyata

A farkon shekarun 1980, wanda ya leƙa asibitocin Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka da tsakar dare zai tarar da mutane birjik suna barci a kan kujerun ɗakunan jira. Lafiyarsu ƙalau. Masu jinya ne, iyaye da matan aure da mazaje da 'yan'uwa, waɗanda suka baro garuruwansu suka biyo marasa lafiyarsu. Da yawansu sunan mutum ɗaya ne ya kawo su garin, wato Dokta Thomas Starzl, likitan da ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam a birnin Denver a 1963, ya kuma koma Pittsburgh da aiki a 1981. A wancan lokaci ba a fara yanko hantar mai rai ana dasa wa wani ba. Sai an jira wani ya rasu, danginsa sun amince, hantar kuma ta dace. Jiran kan ɗauki makonni, wani sa'in watanni. Kuɗin otal ya ƙare, guzuri ya ƙare, mutum ya koma kwanan kujera.

Masu rubuta tarihin likitanci suna tuna shekarar 1983 da abubuwa biyu. A watan Yuni, wani taron ƙwararru da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira ya yanke cewa dashen hanta ya wuce matakin gwaji, ya zama magani. Kafin shekarar ta ƙare kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da saiklosforin, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hanta. Amma a cikin wannan shekarar dai, a Pittsburgh, an yi wasu abubuwa biyu da ba a cika ambata ba. An buɗe Family House, gidan da masu jinya za su sauka, su yi girki, su yi wanki, su kwanta a kan katifa. Sannan wasu tsirarun mutane da aka yi wa dashe suka fara zama tare suna tattauna halin da suke ciki, zaman da ya haifar da ƙungiyar TRIO, wadda daga baya ta yi rassa a sassan Amurka. Shekara guda bayan haka, a garin Rochester na jihar Minnesota, Ed Pompeian, wanda shi kansa an yi masa dashen ƙoda, ya buɗe irin wannan masauki kusa da asibitin Mayo.

Dalilin da ya sa abubuwan suka zo a jere a fili yake. Muddin yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna rasuwa cikin watanni kaɗan, babu wanda zai tambayi yadda ake zaman gida da hantar wani. Da mutane suka fara rayuwa, sai tambayoyi suka taso waɗanda likita ba shi da lokacin amsawa, wasu ma bai taɓa tunaninsu ba.

Abin da wuƙa ba ta gamawa

Aikin dashen hanta kan ci awa shida zuwa goma sha biyu. Kafin zuwan saiklosforin, kimanin mutum uku ne kawai cikin goma suke kaiwa shekara guda bayan aikin. A yau, a cibiyoyin da suka ƙware, kusan tara cikin goma ne suke kaiwa. A 2023 an yi dashen hanta fiye da 10,000 a Amurka kaɗai, a duniya baki ɗaya kuma ana yin kimanin 40,000 a shekara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana fita daga asibiti da dogon tabo a ciki, wanda likitoci ke yi wa laƙabi da tambarin Marsandi saboda siffarsa, da kuma leda cike da magunguna.

Babba a cikin ledar shi ne takrolimus, wanda masu bincike na kamfanin Fujisawa suka samo daga wata ƙwayar halitta a cikin ƙasar Japan a 1984, aka kuma fara ba masu dashe shi a Pittsburgh a 1989. Yawanci sau biyu ake shan sa a yini, tsakaninsu awa goma sha biyu cif, har ƙarshen rayuwa. Idan ya yi kaɗan a jini, garkuwar jiki ta far wa sabuwar hanta. Idan ya yi yawa, ƙoda ta ji jiki. Shi ya sa ake yawan auna shi, kuma gwajin yana da ƙa'ida: ranar da za a ɗibi jini, ba a shan na safe sai bayan an ɗiba. Tsohon hannu ya san wannan sarai. Za a gan shi tun da sassafe a layin ɗakin gwaji, ƙwayarsa naɗe a aljihun riga, gorar ruwa a hannu, ana zare allura ya jefa ta baki. Sabon shiga kuwa, don gudun saɓa lokaci, sai ya sha tun a gida. Sakamako ya fito sama, likita ya rage masa awo, bayan 'yan makonni hanta ta fara nuna alamun jiki na ƙin ta.

An rubuta wannan ƙa'ida a ɗan littafin da ake ba mutum ranar sallama. Sai dai ranar sallama mutum bai gama dawowa hayyacinsa ba, littafin da Turanci yake, bayanan kuma sun fi ashirin.

Ga kuma abubuwan da ke tsorata mutum alhali sanannu ne. Takrolimus kan sa rawar hannu, har mutum ya kasa riƙe kofin shayi ba tare da ya zuba ba. Wanda ya tuna cewa hannunsa ya yi ta karkarwa lokacin da tsohuwar hantarsa take mutuwa, zai kwana bai runtsa ba. Firedinisolon, wani daga cikin magungunan ledar, kan kumbura fuska, ya buɗe ciki, ya sa saurin fushi da rashin barci. Maƙwabta su yi ta cewa “Masha Allah, Alhaji ya murmure,” shi kuwa ya dubi madubi ya ga wani mutum daban. Sukari kan hau, hawan jini kan biyo baya. Likita zai ce duk wannan ba wani abu ba ne, zai ragu idan an rage magani, kuma gaskiya ya faɗa. Amma maganar ta fi shiga idan ta fito daga bakin wanda ya miƙo hannunsa ya ce a duba, shi ma haka nasa ya yi, ga shi yanzu yana tuƙa motarsa.

Gani ya kori ji

Ɗaya daga cikin likitocin da suka ɗauki wannan da muhimmanci a bainar jama'a shi ne Maurice Slapak, wani likitan tiyata a Ingila. A 1978 ya tara kusan mutum ɗari da aka yi wa dashe, daga ƙasashe kaɗan, a garin Portsmouth, suka yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle. Daga nan Wasannin Masu Dashe na Duniya suka samo asali, waɗanda ake yi duk bayan shekara biyu. Manufarsa ita ce jama'a, da su kansu marasa lafiya, su ga da idonsu cewa wanda aka yi wa dashe ba nakasasshe ba ne.

Misalai sun yi ta biyowa. An yi wa Ba'amurke Chris Klug dashen hanta a Yulin 2000, kuma kafin shekara biyu ta cika ya ci lambar tagulla a wasan zamiya kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu ta 2002. Masu kallon ƙwallon Turai kuwa ba su manta da Eric Abidal na Barcelona ba. A Maris 2011 aka gano ƙari a hantarsa aka yi masa aiki, a watan Mayu ya buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Wembley, inda Carles Puyol ya ɗaura masa kambun kyaftin ya bar shi ya ɗaga kofin. A Afrilun 2012 aka dasa masa ɓangaren hantar wani ɗan'uwansa, bayan shekara guda ya sake shiga fili. A Indiya, jaririn da aka dasa wa ɓangaren hantar mahaifinsa a asibitin Apollo na Delhi a 1998, wanda ake lissafawa a matsayin dashen hanta na farko da ya yi nasara a ƙasar, ya girma ya zama likita.

Irin waɗannan labarai suna da amfani, amma amfaninsu yana da iyaka. Ɗan kasuwa mai shekara hamsin da ke kwance ciki ya kumbura da ruwa, ana zuƙe masa lita-lita duk bayan 'yan kwanaki, ba Wembley ce a gabansa ba. So yake ya san ko zai sake tsayuwa a sahun Juma'a, ko zai koma shago, ko zai iya sauke haƙƙin iyalinsa, tambayar da ba zai taɓa yi wa likita mace sa'ar 'yarsa ba. Wanda zai amsa masa ita shi ne wani magidanci irinsa, su biyu, ƙofa a rufe.

Mara lafiya na biyu

A yawancin cibiyoyin dashe na Amurka, ba a sa mutum a layin jiran hanta sai ya kawo sunan wanda zai kula da shi dare da rana na tsawon makonni bayan sallama, wasu ma mutum biyu suke nema. Wani bincike da Keren Ladin da abokan aikinta suka wallafa a 2019, bayan sun ji ta bakin ma'aikatan cibiyoyin dashe, ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda ake tantancewa ana ajiye su gefe saboda ana ganin ba su da isassun masu tsaya musu. Ke nan tsarin ya yarda cewa mai jinya sharaɗi ne na nasarar aikin. Abin da tsarin bai cika tambaya ba shi ne wa ke kula da shi mai jinyar.

Wahalarsa tana farawa tun kafin dashe. Idan hanta ta gaza tace guba, gubar kan hau kai. Mutum ya fara barci da rana yana ido biyu da dare, ya manta sunan 'ya'yansa, ya fita tsakar gida ya rasa ƙofar ɗakinsa. Mutum mai kunya da kawaici ya koma zagi, ya ce matarsa ta zuba masa wani abu a abinci. Kashegari ya farka bai tuna komai ba, ita kuwa ta tuna. A gidaje da yawa a ƙasar Hausa, fassarar farko da za a yi wa wannan ita ce sammu ko iska, a kira mai ruƙiyya, a yi ta hayaƙi, alhali abin da ake buƙata ruwan magani ne mai zaƙi da ake kira laktulos, wanda ake ba shi har sai ya yi bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a yini. Matar ce ke ƙirga wannan. Ita ce ke hana shi makullin mota, ita ce ke cire gishiri da magi daga miyarsa ta sha harara, ita ce ke sa shi ya miƙe hannuwa ta duba ko suna kaɗawa.

Masu dubiya suna zuwa, su ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi, su ce sannu da ƙoƙari, ta ce yauwa. Ba za ta iya gaya wa surukarta cewa ɗanta ya ɗaga mata hannu jiya ba. Ba za ta iya gaya wa kowa cewa akwai daren da ta ji ta gaji har ta yi fatan komai ya ƙare ba, sannan ta kwana tana istigfari. Mace ɗaya ce za ta ji wannan ba ta zare ido ba: wadda ta taɓa yin irin wannan daren.

Inda hantar mai rai ake dasawa, nauyin ninki biyu ne. Tun da Russell Strong ya yi nasarar dasa wa wani yaro ɓangaren hantar mahaifiyarsa a Brisbane ta Ostireliya a 1989, wannan hanya ta zama ita ce babba a Asiya da Gabas ta Tsakiya, domin hanta tana sake tohowa cikin 'yan watanni. Amma a ranar aikin mutum biyu ne daga gida ɗaya ake shiga da su tiyata, kuma mai bayarwar, wanda ya shiga da ƙafarsa lafiya lau, yana fuskantar haɗarin rasa rai da likitoci ke ƙiyastawa tsakanin ɗaya cikin dubu zuwa ɗaya cikin ɗari biyu, gwargwadon ɓangaren da aka yanka. Alƙaluman Indiya sun nuna cewa mafi yawan masu bayarwa mata ne, mafi yawan masu karɓa kuma maza. Sau da yawa, matar da ta shekara tana jinya ita ce ke ba da hantar, sannan tun ɗinkinta bai warke ba a sa ran ta tashi ta ci gaba da hidima.

Abin da bincike ya nuna

Wani zai ce duk wannan lallashi ne kawai, magani shi ne magani. Alƙaluma ba su goyi bayansa ba. A 2015, Mary Amanda Dew ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan masu dashen sassan jiki daban-daban, suka gano cewa waɗanda ciwon damuwa ya kama haɗarin mutuwarsu ya ƙaru da kashi 65 cikin ɗari. Hanya ɗaya da hakan ke faruwa ba ɓoyayya ba ce. Wanda zuciyarsa ta mutu yakan fara tsallake magani, ya daina zuwa gwaji, kuma hanta ba ta yin kuka da wuri, sai ɓarna ta yi nisa.

Game da ko sa'a zai iya taimakon sa'a, akwai wani gwaji da Michele Heisler ta jagoranta a jihar Michigan, aka wallafa a 2010. An ɗauki tsofaffin sojoji 244 masu ciwon sukari, aka haɗa rabinsu biyu-biyu suna kiran juna a waya duk mako, sauran kuma aka bar su a hannun ma'aikatan jinya. Bayan wata shida, sukarin waɗanda ke kiran juna ya fi sauka. A fannin hanta, asibitin Mount Sinai na New York ya horar da matasan da aka yi wa dashe su zama jagorori ga na ƙasa da su, ganin cewa shekarun tashen balaga su ne lokacin da aka fi watsi da magani. Binciken ƙarami ne, amma rahotonsa na 2013 ya nuna cewa su jagororin kansu sun ƙara tsare shan maganinsu. Tun a 1965 masanin halayyar jama'a Frank Riessman ya bayyana wannan: a irin wannan zama, mai taimakon yakan amfana kamar wanda ake taimaka wa, ko ma fiye. Da wuya mutum ya gama yi wa yaro faɗa a kan shan magani sannan ya koma gida ya tsallake nasa.

Afirka ma ta gwada abin a wani fannin. A 2001 aka kafa mothers2mothers a Cape Town, inda ake horar da mata masu ɗauke da cutar ƙanjamau da suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, a biya su albashi, su riƙa zama da sababbin masu ciki a asibiti. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na nahiyar.

Tafiya da dawowa

Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Dashen ƙoda ya samu gindin zama a ƙasar, tun da aka fara shi a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya bi sahu a 2002. Wanda hantarsa ta gaza kuwa, idan yana da hali ko an haɗa masa gudummawa, yawanci Indiya ko Masar ake nufa da shi. A nan ne ilimin waɗanda suka riga zuwa yake da tsada.

Su ne suka san cewa dokar Indiya ta 1994, da gyaran da aka yi mata a 2011, ta lissafa waɗanda take ɗauka dangi na kusa: iyaye, 'ya'ya, 'yan'uwa na jini, miji ko mata, kakanni da jikoki. Ɗan baffa ko ɗan inna ba ya cikin jerin, batunsa sai da ƙarin bincike. Akwai kwamitin da ke zama ya yi wa mai bayarwa tambayoyi, ana neman takardar shaidar dangantaka daga ofishin jakadanci, idan mata ce za ta ba mijinta kuma ana neman shaidar aure har da hotuna. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida shekara ashirin da suka wuce, da goro da alewa, ba lallai yana da takarda ba, kuma gara a san haka tun a Kano da a sani a Delhi kuɗin masauki na tafiya. Su ne kuma suka san cewa ciwon hanta nau'in B yakan bi gida, daga uwa zuwa 'ya'ya, don haka ƙanen da aka dogara da shi zai iya zama shi ma yana ɗauke da ƙwayar. A gwada kowa tun kafin a sayi tikiti.

Idan wani a dangi ya ta da batun halasci, amsar ta daɗe da samuwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a Fabrairun 1988, ta halasta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, ciki har da yardar mai bayarwa, ta kuma haramta sayar da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ita ma ta haramta cinikin.

Dawowa gida wani sabon babi ne. A watannin farko garkuwar jiki tana ƙasa ƙwarai, amma al'ada ta ce gida ya cika da 'yan barka da arziki, kowa ya miƙa hannu, masu tari da masu mura duk a falo ɗaya. Wata gwaggo ta zo da fura da nonon da ba a dafa ba, wani aboki ya zo da jiƙon saiwoyi na wankin hanta. Yaran gida suna kiwon tattabaru a bayan ɗaki, alhali kashinsu yana ɗauke da wani naman gwari da ke iya kama ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa. Ciwon baya ya taso, a aika kemis a sayo diklofenak, wanda ke ƙara wa ƙoda nauyi a kan wanda takrolimus ya ɗora mata. Idan tarin fuka ya kama shi aka ba shi rifamfisin ba tare da an san yana shan takrolimus ba, takrolimus ɗin zai zube daga jininsa. Allurar rigakafin shawara, wadda ake neman katinta a filin jirgi, tana cikin alluran da ba a yi wa mai dashe. Watan Ramadan ya kama, likitoci sukan hana azumi a shekarar farko, bayan nan ma sai an zauna an duba lafiyar ƙoda da lokutan magani.

Yadda za a ce wa gwaggo a'a ba tare da ta yi fushi ba, babu littafin likitanci da ya koyar da shi. Iyalin da suka wuce wurin su suka san dabarar: a ɗora laifin a kan likita, a sa babban yaya ya tsaya a zaure ya karɓi gaisuwa, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, a karɓi jiƙon da hannu biyu a yi godiya, a ajiye shi inda ba za a sha ba.

Inda gizo ke saƙar

Zaman 'yan'uwa a ciwo yana iya cutarwa idan ba a yi masa iyaka ba. Kuskure mafi yawa shi ne wanda ya ji sauƙi ya ɗauki kansa likita. Awon takrolimus na kowa daban ne, gwajin jini ne ke yanke shi, don haka wanda ya ce wa abokinsa ya rage tunda shi ma ya rage, zai iya jawo masa asarar hanta. Haka musanya samfurin wani kamfani da na wani ba tare da an sake gwaji ba. Ga kuma 'yan kamasho, waɗanda ke shiga irin waɗannan tarurruka da fuskar masu tausayi, alhali wani asibiti na ƙasar waje ke ba su la'ada a kan kowane mara lafiya. Sannan akwai ranar da ɗaya daga cikin 'yan zaman zai rasu, kowa ya koma gida yana lissafin kansa.

Shi ya sa shirye-shiryen da suka ɗore suke da ƙa'idoji masu kama da juna. Ba a naɗa mutum jagora sai ya daɗe da yin dashe, jikinsa da hankalinsa sun natsu. Ana horar da shi ya ba da labarin abin da ya same shi, ba ya rubuta wa kowa magani ba, ya kuma san alamomin da ba a jira da su: zazzaɓi, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, amai da ya hana magani zama. Ana haɗa mutum da wanda ya yi kama da shi a shekaru da yanayin rayuwa. Abin da aka faɗa a zaman ba ya fita waje, musamman a inda jin cewa gida na da ciwon hanta kan iya ɓata auren 'ya. Akwai ma'aikacin lafiya da ke bayan shirin, wanda jagora zai kira idan abu ya fi ƙarfinsa. Masu jinya kuma ana ware musu nasu zaman, domin babu matar da za ta faɗi gajiyarta mijinta na zaune a gefe.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ɗakin tiyata ko na'ura mai tsada. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos, da manyan asibitocin Yamai, suna da likitocin ciki da hanta, kuma wurinsu waɗanda suka dawo daga dashe suke zuwa a duba su. Likitocin sun san su ɗaya bayan ɗaya, su ne dai ba su san juna ba. Abin da ya rage shi ne a nemi izininsu, a ba su ɗaki sau ɗaya a wata, a sa ma'aikaciyar jinya guda ta zauna da su. Kafin hukumomin asibiti su motsa kuwa, duk wanda Allah ya ba lafiya bayan dashe, da wadda ta yi jinyarsa, da wanda ya ba shi hantar, idan sun je ganin likita na gaba su bar masa lambar wayarsu, su ce ya ba iyalin da ke shirin kama hanya.